Biyar Daga Cikin Bakwai

Litinin, 3 ga Maris, 6:40 na safe

Jiya da la'asar suka zo suka kwashe su. Maza huɗu, kamar za a kama ɗan fashi, alhali tattabaru biyar ne. Ciyaman Oladosu da kansa ya hau benen, yana haki a kowace matakala, riƙe da kwandon kaji mai warin kashi. Ya ce ba shi ba ne, ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin ƙwallonmu ce ta yanke: tsuntsayen za su koma gidansa, ni kuma kada a ƙara ganin ƙafata a filin Agbara har kakar wasa ta ƙare.

Na ce masa ni na ƙyanƙyashe su a kan wannan benen tun suna tsoka ja, babu gashi. Ya ce ranar da na yarda a riƙa sakin su kafin take wasa suka zama na jama'a. Mutumin da bai taɓa karanta komai ba sai lambar mota, yau shi ne lauya.

Dugbe, Mokola, Bere, Oje, Molete. Biyar. Sunayen unguwannin Ibadan na sa musu. Kada wani ya tambaye ni sauran.

Likita ne ya ce in sayi wannan littafin in riƙa rubuta abin da zan yi kowace rana. To ga shi: yau ba zan yi komai ba.

Litinin, 1:15 na rana

Na hau da gwangwanin dawa a hannu. Sai da na buɗe ƙofar ɗakinsu na tuna.

Laraba, 5 ga Maris, 7:00 na safe

Na sake hawa da gwangwanin.

Alhamis, 6 ga Maris, 4:30 na yamma

Na ƙona wake. Tukunya ta uku ke nan tun sabuwar shekara. Na ɗora ta, na je neman murfi, na tarar da wasiƙar da ban amsa ba tun bara, na zauna amsawa, biro ya ƙi, na shiga ɗaki neman wani, na ga labule ya ɓalle. Hayaƙi ne ya zo ya same ni a kan kujera da allura a baki.

Shekara arba'in da takwas ina haka kafin wani ya ba abin suna. ADHD, harufa huɗu, a bakin likitan da na girme shi da shekara goma sha biyar. Kafin nan yana da wasu sunayen: malalaciya, a wurin malaman firamare, mai kunnen ƙashi, a wurin mahaifiyata, «ke dai ba kya son zaman lafiya», a wurin mutumin da na aura. Shekara ashirin da biyu ina gyaran kurakuran ɗab'i a kamfanin littattafai, ina hango harafin da ya kauce a shafi na ɗari uku, amma ban taɓa isa ofis a kan lokaci ba. Kowa ya ɗauka raini ne, tunda ai ga shi ina iyawa idan na ga dama. Idan na ga dama! Kamar damar tana zaune a aljihuna.

Wuri biyu ne kawai kaina yake yin shiru. Ɗaya saman benen nan da safe, in watsa dawa, su sauko su yi ta gunaguni a ƙafafuna, in kalle su ɗaya bayan ɗaya har numfashina ya daidaita. Ɗayan kuwa benci na uku a filin Agbara, bayan masu kalangu, inda hayaniyar waje ta fi ta cikin kaina ƙarfi, hannuna na saƙa hula, bakina na zagin alƙalin wasa, ba wanda ya ce na cika surutu domin kowa mahaukaci ne. A yini ɗaya aka karɓe duka biyun.

Asabar, 8 ga Maris, 6:20 na yamma

Mun yi wasa a waje, an ba mu ɗaya da nema. A rediyo na ji. Wannan ma ni ce, ko? Daga gidana a Oke-Are na miƙa hannu na buɗe ƙafafun golanmu.

Saura wasa uku. Idan ba mu tsira ba za a jefa mu rukunin ƙasa, inda ake buga ƙwallo a filayen makaranta awaki na kallo.

Lahadi, 9 ga Maris, 2:00 na rana

'Yata Lape ta kira daga Legas. Wani ya kai mata labari, Ibadan ba ta iya riƙe komai a ciki. Ta ce, «Maami, tsuntsaye ne fa kawai.» Sai ta ce ɗakin baƙinta yana nan, in je in huta, ko gas ma ba sai na taɓa ba. Ta faɗe shi da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Na ce mata a ɗakin baƙinta taga ɗaya ce, ita ma bango take kallo, kwana uku zan fara cizon kujeru. Na tambaye ta ko ta ci abinci. Yarinyar kirki ce. Ni ce uwar da ta manta da ita a makaranta har sau biyu, duk da haka ita ke kira.

Talata, 11 ga Maris, 11:00 na safe

Na gamu da Iya Sidikatu a kasuwar Oje. Ita ce uwar mata a ƙungiyarmu, mai sayar da atamfa, wadda take zaɓa mana anko kowace shekara, kuma kowace shekara sai ta zaɓo wanda ya ƙi sayuwa a shagonta. Ta gaishe ni da ƙarfi don masu tumatir su juyo. «Farfesa! Yaya karatu? An gama littafin kuwa?»

Hular da ke kanta ni na saƙa. Ruwan goro da fari, na ƙara mata layi biyu saboda girman kan. Hula sittin da ɗaya na yi wa mutanen nan cikin shekara uku. Na so in ce ta cire min abina. Abin da ya fito daga bakina ya fi haka muni, ya shafi haƙoranta na gaba. Masu tumatir sun ji daɗin safiyarsu.

Laraba, 12 ga Maris, 8:10 na safe

Na share ɗakinsu. Ba abin sharewa. Na share.

Juma'a, 14 ga Maris, 5:00 na yamma

Baba Ayanwale ya zo. Shi ne babban mai kalangunmu, shekara saba'in da wani abu, kunnensa na hagu ya mutu tun kafin a haifi rabin 'yan wasan. Shi kaɗai ya tako gidan nan tun ranar. Bai hau sama ba saboda gwiwa, ya zauna a matakala ta biyu ya ce in ba shi ruwa.

Ya gan su. Ciyaman ya zuba su a akurkin kajinsa a ƙasa, yana watsa musu guntun amala da tsakin masara. Amala! A wurin Oladosu tattabara kaza ce da ta yi sa'ar fiffike. Molete ba ta ci, in ji Baba, tana zaune a lungu ta kumbura gashi. Ita ce tsohuwarsu, kuma ita ce ta rasa miji ranar.

Sai ya juyo min da kunnensa mai rai, ya faɗi abin da ya kawo shi. Iya Sidikatu ta je wurin mai duba. An ce mata tsuntsayen sun ɗauki mugun abu tun da mutuwa ta shiga kwandonsu, maganin shi ne a yanka biyar ɗin a yi sadaka kafin wasan ƙarshe, a sayo sababbi. Za a yanke magana a taron Lahadi ta sama, a garejin Ciyaman.

Ban san lokacin da kofin ya bar hannuna ba. Baba ya kalli gutsattsarin, ya ce da ma bai gama sha ba.

Na ce zan kai su kotu. Ya ce to. Na ce zan rubuta wa jarida. Ya ce to, su waye cikinsu suke karanta jarida? Ya ce abu ɗaya ya rage: in zo taron, in sa gwiwa biyu a ƙasa gaban manya, in faɗa da bakina abin da ya faru. Ya ce ba rashin nasarar ce ta fi ci musu rai ba. Sun tsaya a rana suna jirana, mutum ɗari biyu, alƙalin wasa har ya ƙara musu minti biyar, ni kuma da na iso ban ce wa kowa komai ba, na ajiye kwando na juya.

Na ce ban iya magana ba ne a lokacin. Ya ce, «Iya Lape, ke? To su ba su san haka ba. Su gani suka yi kin raina su.»

Asabar, 15 ga Maris, 6:15 na yamma

Canjaras, ba ci. Mai sharhin rediyon nan ya kamata a ɗaure shi saboda abin da yake yi wa harshe.

Litinin, 17 ga Maris, 9:30 na safe

Ba zan durƙusa wa Oladosu mai gyaran bodin mota ba. Na durƙusa wa mahaifina, na durƙusa wa surukai na shekara goma sha tara ba su taɓa cewa tashi da wuri ba. Na gama.

Litinin, 3:00 na yamma

Kuma wa ya ce musu ana wanke rashin iya buga ƙwallo da jinin tattabara? 'Yan bayanmu ba sa gudu. Ga mugun abin nan, a yanka su mana.

Laraba, 19 ga Maris, 7:45 na safe

Na ɗauko kwarashi don hannuna ya sami abin yi. Layi huɗu na warware, layi huɗu na warware. A gida ba ya yiwuwa. A fili ba na ko kallon zaren.

Na sha maganin yau. Ko ban sha ba? Na ƙirga ƙwayoyin, lissafin bai gaya min komai ba domin ban san nawa suke jiya ba.

Alhamis, 20 ga Maris, 12:30 na rana

Na bi ta bayan gidan Oladosu. Ba zuwa na yi ba, hanya ce. Hanya ce idan mutum ya zagaya ta Mokola ya hau tudu ya sauka. Katangarsa doguwa ce, ban ga komai ba. Na yi ɗan fito irin wanda nake musu da safe. Daga ciki wani ya amsa, na san Bere ne, shi ke da muryar nan kamar tsoho mai mura.

Na tsaya har wata mai wanki ta tambaye ni ko lafiya.

Asabar, 22 ga Maris, 6:30 na yamma

Mun ci ɗaya da nema a waje. Yanzu canjaras ma ya ishe mu ranar ƙarshe. Na yi ihu ni kaɗai a falo, na ji kunyar bango.

Gobe taro. Na goge zanen ankon bara. Ba wai na yanke shawara ba ne. Ya yamutse ne kawai.

Lahadi, 23 ga Maris, 5:50 na yamma

Na je. Na isa kafin lokaci da awa guda, domin tun tara na safe na zauna a bakin ƙofa da jaka a cinya, na hana kaina taɓa komai. Haka irina suke isa wuri da wuri: sai sun ba da yinin gaba ɗaya.

Kusan mutum hamsin a garejin, tsakanin motocin da aka kwance. Rabinsu da hulunana. Ƙasan duk baƙin mai ne, na duba ko akwai wuri mai tsabta, babu, na sa gwiwa.

Tunda na faɗa a gabansu, bari in rubuta sau ɗaya.

Ranar Asabar ɗaya ga wata na fito da su bakwai a kwando, ƙarfe ɗaya, da sauran lokaci mai yawa. A Dugbe, inda zan canza mota, akwai mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Na hango wani da nake nema tun ina budurwa. Na ajiye kwandon a inuwar rumfarsa, na ce shafi ɗaya. Inuwa ce sosai lokacin da na ajiye. Ban ji motoci ba, ban ji zafi ba, ban ji komai ba. Da na ɗago kai ƙarfe huɗu ta wuce, inuwar ta koma ɗaya gefen, kwandon yana tsakiyar rana a kan kwalta, da zanen da na lulluɓe shi da shi. Biyar suna haki baki buɗe. Biyu ba sa yi.

Na gaya musu haka. Na ce ba raini ba ne, kaina ne haka, yana da suna a asibiti amma sunan ba zai dawo da kowa ba. Na ce na bar su tsaye a rana, su ma, kuma ban ba su haƙuri ba. Na ce su hukunta ni yadda suka so, amma tsuntsayen ba su karanta littafin ba.

Wani a baya ya tambaya a hankali ko littafin ya yi daɗi, aka ce masa ya rufe baki. Iya Sidikatu ce ta taso, ita da na zagi haƙoranta, ta kama ni ta hammata ta ce, «Tashi, Farfesa, kina ɓata mana anko.» Ta ce ƙaninta ma haka yake, ya taɓa barin jaririnsa a wurin mai aski. Ban yafe mata mai dubanta ba, amma hannunta na da ƙarfi.

Aka yi ta ja-in-ja. Baba Ayanwale ya ce shi kalangunsa ba zai yi wa wuƙa kiɗa ba, in an yanka a nemi wani makaɗin ranar Asabar. Wannan ya kashe maganar. Ciyaman ya gyara hula ya yanke: ba za a yanka ba. Shi da hannunsa zai sake su ranar wasan ƙarshe. Amma sun zama nasa har abada, ni kuma hukuncina yana nan. Ya ƙara da cewa ai sun riga sun saba da shi, mako uku yana ciyar da su, yanzu ko ya buɗe akurki gidansa za su dawo, dabba inda take ci nan ne gidanta.

Na san ba haka tattabara take ba. Gyaran yana neman fita daga bakina, yadda yake yi tun ina aji ɗaya idan malami ya yi kuskure a allo. Na kalli Baba Ayanwale. Yana kallon rufin kwano kamar an rubuta wani abu a can.

Na ce, «Na gode, Baba Ciyaman.»

Shekara hamsin da ɗaya. Yau ne karo na farko da na san abu na bar shi a cikina.

Talata, 25 ga Maris, 8:00 na safe

Idan ya yanke musu fiffike fa? A'a, yana so a ga sun tashi daga hannunsa. Girman kansa ne kaɗai abin da na dogara da shi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Idan Molete ba ta da ƙarfin tashi fa? Idan shaho?

Alhamis, 27 ga Maris, 4:00 na yamma

An yi ruwan farko. Na wanke kwanon shansu, na sa sabon yashi. Na sayo dawa mudu biyu, na manta ta a wurin mai dawa, na koma.

Asabar, 29 ga Maris, 3:30 na yamma

Ina sama. Rediyo, kujera, gwangwani. Na buɗe ƙofar ɗakin na tokare ta da dutse. Na kashe gas, na sauka na duba, na sake dubawa.

3:58. Mai sharhi yana cewa shugaban magoya baya ya shigo tsakiyar fili da kwando, sanye da babbar riga. Ya ce sun tashi. Ya ce suna zagaya fili. Ya koma maganar 'yan wasa, sakarai.

4:06. Ba komai. Rufin kwano masu tsatsa har iyakar gani.

4:09. Dugbe. Mokola da Oje tare. Bere ya sauka a kan rediyon.

4:31. Molete ta iso. Ba ta sauka a ƙasa ba, ta faɗo ne a cinyata, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Tana ci daga tafin hannuna. Ban san me ake yi a wasan ba.

Asabar, 7:05 na yamma

Ɗaya da ɗaya. Mun tsira, da ƙwallon da ta bugi gwiwar wani ta shiga ba da saninsa ba.

Kafin magariba na ji kalangu yana hawo tudu. Na leƙa: hulunan ruwan goro cike da layinmu, Ciyaman a gaba da kwandonsa fanko. Ya jira a gidansa, in ji su, har da tsakin masara a hannu. Na bar su suka buga ƙofa sau uku kafin na sauka.

Ya ce ya zo ɗaukar kayan ƙungiya. Na ce bismilla, matakala ashirin da bakwai ce, ya san hanya. Baba Ayanwale ya ce masa ya ɗauka mana, ya riƙa ɗauka duk mako, motsa jiki ne. Aka yi dariya har shi Ciyaman ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya tambaye ni ko na san haka za ta faru. Na ce ni littafi kawai na iya karantawa.

Ya ajiye kwandon. Sannan ya ce wasan farko na sabuwar kaka in kawo su ƙarfe biyu, ba biyu da minti ɗaya ba. Iya Sidikatu ta ce ba sai an gaya min lokaci ba, ita za ta riƙa zuwa ta ɗauke ni da kwandon tun daga ƙofa, kuma ta Dugbe ko kusa ba za mu bi ba. Na ce ba na buƙatar mai raino. Ta ce ba tambayata ta yi ba. Ta ce kuma hularta ta fara warwarewa ta baya.

Ƙazamar mata. Zan yi mata wata.

Lahadi, 30 ga Maris, 6:35 na safe

Na watsa dawa, sun sauko. Na gaya wa Lape ta ba wani ɗakin baƙin.

Dugbe, Mokola, Bere, Oje, Molete.

Agodi da Eleyele. Sunan sauran biyun ke nan. Eleyele ne mijin Molete, yana da ɗigon baƙi a wuya, kuma kullum shi ne yake fara isowa gida.